Laraba a Ajin Badamasi Mai Zanen Hula

Badamasi ɗan Gude ne, amma a Gwarzo aka fi saninsa, domin nan yake da rumfa tun yana saurayi. Sana'arsa zanen hula. Mata su aiko masa da farin yadi, ya shimfiɗa a kan katako ya fitar da zane da biro da rula, su kuma su bi da zare. Wajen kawunsa ya koya. Karatun bokonsa bai wuce aji shida ba, kuma ba mutum ne mai yawan magana ba. Ko ciniki ake da shi, sau da yawa da kai yake amsawa.

'Ya'yansa biyar. Ta ukun, Lailatu, da sikila aka haife ta. Tun tana ƙarama ta lura duk sanda ta ce wani wuri na mata ciwo, mahaifiyarta Zulaiha sai ta shiga ɗaki ta yi kuka. Saboda haka da ta kai shekara tara ta daina faɗa. Sai dai a ga ta dunƙule a kan tabarma tana gumi.

Wata damina ciwon ya tashi, aka kwantar da ita a ɗakin yara na asibiti. Nas ɗin da ke kula da su, Sista Badi'a, ta tambaye ta har sau uku, "Ina ke miki ciwo, 'yata?"

"Babu," in ji Lailatu.

Badamasi na zaune a gefen gado da yadin da ya taho da shi don kada aiki ya tsaya. Ya ɗauki wani kwalin magani da aka yar, ya buɗe shi, ya zana siffar mutum a bayansa, ba ido ba baki. Ya miƙa mata jan biro.

"Ba sai kin faɗa ba. Ɗiga inda yake cinki."

Ta ɗiga a gwiwoyi biyu da baya. Sannan ta koma ƙirji ta yi ta murza biron har kwalin ya huje. Sista Badi'a ta duba, ta sa abin awo ta saurari ƙirjin, ta fita kiran likita da sauri. A ranar aka canja mata magani.

Kwanansu goma sha ɗaya a asibitin. Kafin a sallame su, duk yaran ɗakin da suka iya riƙe biro suna da nasu kwalin. Rannan Lailatu ta ƙara wasu ƙananan mutane can nesa da siffar, a bakin kwalin.

"Waɗannan fa?" Badamasi ya tambaya.

"'Yan ajinmu ne, Baba. Cewa suke kada a taɓa ni, karyewa zan yi."

Da suka koma gida ya ɗauki kwalin ya nufi makarantar firamaren, da niyyar kai ƙara. Hedimasta, Malam Hadi, ya daɗe yana kallon zanen bayan sun gama gaisawa.

"Malam Badamasi, in na zane su da bulala gobe, jibi za su ƙara nisa da ita. Kana da lokaci ranar Laraba?"

Haka ya fara. Darasin ƙarshe na Laraba aka ba shi, a aji huɗu na su Lailatu, yara sun fi saba'in. Yana zuwa da kwalayen da masu shaguna ke tara masa da guntayen fensir masu launi. Ba ya koya musu zane, ba ya ba da maki. Cewa kawai yake, "Yau a zana abin da aka kwana da shi a rai." Wani uba ya zo ya yi ƙorafi a kan zanen mutum-mutumi. Badamasi ya nuna masa siffofin ba su da fuska, mutumin ya ce to, amma dai ya cire ɗansa daga darasin.

Yawancin yaran babur suke zanawa, da ƙwallo, da kwanon shinkafa. Wata yarinya mai suna Yelwa, wadda iyayenta suka sauko daga wajen Garo, ta yi mako huɗu tana zana turaku da igiyoyi, ba komai ɗaure a jiki. Bai tambaye ta ba sai a na biyar.

"Na shanunmu ne," ta ce. "An kora su. Wannan na Fara ne, ni nake ba ta dusa."

Malamarta ta shekara tana ɗaukarta marar ƙwaƙwalwa. Da ta ji labarin, washegari ta dawo da ita bencin gaba.

Shekara uku ana haka. Da aka yi wa Malam Hadi canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya mayar da lokacin na lissafi saboda jarrabawa. Badamasi bai yi gardama ba. Sista Badi'a ta samar masa benci a barandar asibiti ranar da masu sikila ke zuwa ganin likita, can yake zama yanzu daga hantsi zuwa azahar.

Yanzu Lailatu tana aji biyu a babbar sakandare. Ciwon yana tashi, yana lafawa. Ta daina zane, tana faɗin abin da ke damunta da baki, wani lokaci har ya so ya yi yawa, in ji uwarta.

Idon Badamasi ya fara rauni, yana sa tabarau, kuma hulunan inji sun rage masa ciniki. Kwanan baya wata mata ta kawo masa zanen ɗanta, wani gida baƙi mai ƙofa ɗaya, ta ce ya fassara mata.

"Hajiya, ni ban sani ba," ya ce. "Ga yaron nan zaune. Ki sa yatsa a kan ƙofar, ki tambaye shi wa ke ciki."