Haladu Mai Rediyo da Hannunsa a Aljihu

A Wudil, idan aka tashi yi wa mutum shaidar banza, ba a neman hujja. Haka aka yi wa Haladu mai gyaran rediyo. Aka ce girman kai gare shi, wai tunda ya zauna a Kano ya dawo ba ya ganin kowa da gashi. Masu faɗin haka babu wanda ya taɓa tsayawa ya kalli abin da bawan Allahn nan yake yi. Leƙe kawai suke yi su wuce, su je gindin bishiya su ƙara gishiri.

Ɗan maƙera ne. Tun yana saurayi ya bi motar shanu zuwa birni, ya faɗa hannun wani Bayarabe mai gyaran rediyo a Sabon Garin Kano. A can ya fara ganin amfilifaya, akwatin ƙara sauti da masu jita na otal-otal suke kawowa gyara. Nauyinsa kamar buhun gishiri. A ciki akwai 'yan kwalabe da ake kira bawul, waɗanda sai sun yi ja kamar garwashi sannan murya take fitowa. Akwai kuma wasu 'yan gwangwanaye, kwandansa, masu riƙe wuta a cikinsu ko bayan an kashe inji. Su ne mugayen. Maigidan nasa ya kafa masa doka tun ranar farko: muddin akwati a buɗe yake, takalmin roba a ƙafa, hannun hagu a aljihu, hannu ɗaya kaɗai ke shiga. In wuta ta kama hannu biyu, ta ƙirji za ta bi. In ƙafa tana ƙasa ba takalmi, ta sami hanyar wucewa ta jikin mutum. Ko an kashe, sai an sa waya an tsotse ragowar wutar kafin a saki jiki.

Haladu ya dawo gida daidai lokacin da kuɗin man fetur suka fara haukata mutane. Ya kama ɗan shago ƙuntatacce a bakin titi, kusa da gada, ya sayi ɗan injin wuta na hannu. Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa sabo yake so. Aka cika gari da sababbin akwatuna marasa nauyi, ana watsar da masu bawul kamar an kama su da sata. Haladu ya riƙa bi yana tsinta. Cewa yake yi sababbin nan ƙara ce kawai, tsofaffin su ne masu murya. Masu kukuma da masu garaya da suka fara jona kayansu da lasifika, da masu tallar magani a kasuwar Juma'a, duk wurinsa suke zuwa. Masu jita kuwa, in za su Jos ko Maiduguri wasa, sai motarsu ta tsaya a ƙofarsa. Kowa ya zo karɓar kayansa sai ya sha huɗuba: a bar shi ya yi ɗumi kafin a buga, kada a kunna ba lasifika, kada a loda shi a mota da zafinsa, kuma duk wanda ya naɗe takardar sigari ya cusa a gurbin fis, kada ya sake tako masa ƙofa.

Matarsa Safiyatu 'yar Utai ce, 'yar Malam Gwadabe, dattijon manomi da ake jin maganarsa a ƙauyen. Da haihuwar fari ta zo, ta tafi gida wanka kamar yadda aka saba, a kan za ta dawo bayan arba'in. Ana cikin haka, wata Juma'a Malam Gwadabe ya shigo kasuwa, ya ce bari ya nuna wa abokan tafiyarsa shagon surukinsa. Suka yi sallama daidai lokacin da hannun Haladu yake cikin akwati, wuta a kunne.

"Wa alaikumus salam. Baba, sannu da zuwa. A yi mini haƙuri kaɗan, wuta ce a hannuna."

Abin da ya faɗa ke nan. Abin da dattawan Utai suka gani kuwa daban: suruki a tsaye ƙerere, ya ba su baya, takalmi a ƙafa, hannu a aljihu kamar ɗan sanda. Kafin ya kashe, ya tsotse wutar, ya tuɓe takalmi ya fito, sun ɓace cikin kasuwa.

Arba'in ta zo ta wuce, babu Safiyatu babu jariri. Haladu ya tura manya, aka ce a ƙara haƙuri. Ya je da kansa, ya zube a zaure, ya yi bayanin wuta da ƙirji da takalmi tiryan-tiryan. Malam Gwadabe ya bari ya gama, sannan ya ce, "A zaurena kowa ma durƙusawa yake yi. A gaban mutane ka tsaya mini a kai, a gaban mutane nake so in ga ladabinka. Zan sake zuwa. Ran da na ga abin da ya gamshe ni, iyalinka za su dawo." Bai faɗi rana ba.

Kuma wai wannan shi ne gyaran tarbiyya! A riƙe wa mutum mata da ɗa saboda ya ƙi yarda wuta ta kashe shi. Garin nan kuwa, maimakon wani ya buɗe baki ya ce ba daidai ba ne, sai aka koma cewa ai dama an faɗa, ɗan Kano ne.

Haladu bai yi musu da kowa ba. Abin da ya yi shi ne ya daina buɗe akwati ranar Juma'a, ranar da ta fi kowace kawo masa aiki. Sai ya zauna a kan benci ba takalmi, yana goge bawul da tsumma, idonsa a titi. Juma'a ta bi Juma'a, dattijo bai zo ba. Damina ta sauka, rufin shagon ya fara yoyo.

Ran nan an kwana ana ruwa, ga Juma'a, sai ga motar masu kiɗa ta tsaya. Maikano mai jita, ɗan Fagge, tsohon abokin cinikinsa, ya shigo rungume da akwatinsa kamar mai kai mara lafiya asibiti.

"Injiniya, taimaka! Tun daga Mariri take tari. Muryarta ta koma ta tsohuwa mai mura, ga shi gobe muna da wasa a Jos."

Haladu ya zaro fis ya duba. "Wannan mene ne?"

"Wallahi ba ni ba ne, mai ganga ne."

"Kullum mai ganga. Shi mai gangar nan ba ya shan sigari sai irin taka? Ajiye ta, gobe da safe na duba. Yau ba na buɗe akwati."

"Tun yaushe ka zama liman? Au, surukin nan ne? Haba Injiniya, tsohon da ya manta da kai! A wannan taɓon wa zai taso daga Utai? Ko jaki sai an lallashe shi. Ka dube ni, in na je Jos da muryar nan, jifa za a yi mini."

Haladu ya leƙa titi. Taɓo ne har idon sawu. Ya dubi akwatin, wanda shi da hannunsa ya rene shi shekara da shekaru. Ya sa takalminsa na taya, ya tayar da inji, ya kwance murfin, ya cusa hannun hagu a aljihu. Bawul suka yi ja. Ya karkata kai yana saurare, yana taɓa nan yana taɓa can da tsinken katako, har ya gano inda dalma ta saki.

"Salamu alaikum."

Malam Gwadabe ne, da dattawan nan nasa a baya, ƙafafunsu duk taɓo.

Haladu ya san abin da ya kamata: a kashe, a ɗauko waya, a tsotse wutar, sannan a juya. Ya kuma san ɗan lokacin nan shi ne ya raba shi da iyalinsa wancan karon. Ya kashe makunnin kawai. Ya tuɓe takalmi a kan jiƙaƙƙen daɓe, ya fiddo hannu daga aljihu, ya ja baya daga teburin iyakar yadda shagon ya ba shi dama, ya zube.

"Baba, barka da zuwa. An zo lafiya? Ya ruwa? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau. Madalla, madalla." Fuskar dattijon ta saki. Ya waiwaya ya dubi abokansa, su ma su gani. Sannan ya shigo ciki zai zauna a benci, kuma da yake gwiwa ta tsufa, ya miƙa hannu zai dafa abin da ke kusa. Abin da ke kusa shi ne buɗaɗɗen akwatin.

Daga durƙushen ya yi tsalle ya doke hannun surukinsa. Hannun dattijon ya kauce, nasa ya faɗa ciki. Aka ji ƙara ɗau! Wutar ta fizge shi, hannun ya biyo ta kan bawul ya fasa, ya karce bakin ƙarfen, shi kuma ya bugu da bango ya zame ƙasa.

Kun san abin da ya fara fita daga bakin Malam Gwadabe? "Ni? Ni za ka buge wa hannu?"

"Baba, da bai buge ba, da yanzu ruwan wankanka ake ɗorawa!" in ji Maikano, yana ihu yana jijjiga Haladu. "Dubi hannunsa! Dubi abin da gaisuwarka ta jawo!"

Dattijon ya duba. Jini yana bin daɓe yana haɗuwa da ruwan yoyo. Haladu ya buɗe ido da ƙyar, abin da ya ce shi ne, "Kada kowa ya taɓa teburin nan." Malam Gwadabe ya warware rawaninsa, ya durƙusa a taɓon, ya ɗaure hannun da kansa. Wannan kam a ba shi. Amma kalmar haƙuri ba ta fito daga bakinsa ba, a ranar ko bayanta.

An ɗinke hannun a asibiti, sai dai jijiya ta riga ta yanke. Yatsu biyu na hannun dama suka lanƙwashe, ba su ƙara miƙewa ba. Washegari da hantsi Safiyatu ta sauka daga mota da goyo a baya da ƙullin kaya a ka. Ta tsaya a tsakar gida ta dubi hannun.

"Baba ya ce in zo, wai ba ka da mai ba ka abinci."

"Iyakar abin da ya ce ke nan?"

"Iyakarsa ke nan. Sauran ni na faɗa masa, kuma ya ji."

Abin da ta faɗa wa mahaifinta, ba ta taɓa maimaita wa kowa ba, Haladu kuma bai tambaya ba. Shi dai har ya bar duniya ba a ji ya ambaci surukinsa da mugun baki ba. Ya ci gaba da gyara shekaru masu yawa, har bayan da bawul ya zama sai an je birni an yi cigiya. Kunne nasa ne, gano ciwo nasa ne, amma riƙe ƙarfen dalma a lungun da yake buƙatar yatsu biyar ya gagare shi. Wannan Safiyatu ce take yi a cikin gida, bayan ya tsotse wutar da kansa. Masu surutu suka sami sabon abin faɗa, wai mace da gyaran rediyo. Su dai ba sa rasawa.

Aikinsu na farko tare akwatin Maikano ne, wanda ya tafi Jos da na aro ya bar nasa. Hannun ko warkewa bai yi ba Haladu ya sa aka kawo shi gida. Ya dasa sabon bawul da hannun hagu, ya sa ƙarfe a garwashi, ya nuna wa Safiyatu wurin da tsinke.

"Nan. Ɗigo ɗaya. A'a, ya yi yawa, ba miya kike zubawa ba."

"To karɓi ka yi da kanka, Malam."

"Yi haƙuri. Goge ki sake. Ƙarfen ya fara taɓa wayar, sannan dalmar ta bi. Yawwa. Ɗaga. Kada ki hura, bar shi ya sha iska."

Ta ɗaga. Ɗigon ya kwanta sumul yana ƙyalli. Ya duba ta nan, ya duba ta can, bai ga aibu ba.

Da Maikano ya dawo, a zaure aka jona. Suka jira kwalaben suka yi ja. Ya ɗora yatsa a kan tsirkiya, sai murya ta fito mai kauri, tas, ba tari ba mura, har kwanon rufi yana amsawa. Maikano ya rufe ido ya ja kiɗa. Daga cikin gida jariri ya tsala kuka.

"Malam!" Safiyatu ta ɗaga murya ta bayan katanga. "Ku kashe abin nan, kun tashe mini yaro!"

Maikano ya kai hannu zai rage. Haladu ya girgiza masa kai.

"Bar shi tukuna," in ji shi. "Bari ta ji aikinta."