Tun Rasuwar Yaya Saratu Ba Mai Zaman Kunne

Shekara biyar ke nan da muka binne yayata Saratu a ƙauyenmu, can bayan Bena. Gara in faɗa tun da wuri cewa ba harbinta aka yi ba, domin a ƙasarmu yanzu in ka ce wani ya rasu, tambayar farko ita ce, "Su ne?" A'a, ba su ba ne. Hawan jini ne ya ɗauke ta a kan gadonta, 'ya'yanta na kewaye da ita, abin da a zamanin nan har gata ake kiransa. Kukanta na riga na yi shi, ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne ɗiyarta Rifkatu da yaranta ƙanana suna nan a gidanta na ƙauye har yau, kuma abin da Yaya ta kafa don ya tsare su an yi watsi da shi. Ni da nake zaune a Zuru ina ɗinkina, kullum zuciyata tana can.

Yaya Saratu matar soja ce, kamar mata da yawa a wajenmu. Ta zaga barikoki da mijinta, wanda kowa ke kira Saje, kuma a can ta kwaso ciwon kallo. Da na Indiya ta fara, daga baya ta faɗa na Koriya da na Filifin, irin masu dogon zangon nan da in ka soma sai damina ta shiga ta fita ba ka ga ƙarshensu ba. Da Saje ya yi ritaya, wasu matan sojoji sun dawo da kujeru da kwanuka, ita kuwa ta dawo da talabijin, da ƙaramin janareta, da buhu guda na faifai. Mahaifiyarmu ta leƙa buhun ta ce, "To, wanga da mi ake cin shi?" Ba a yi nisa ba tsohuwar nan ita ke fara shimfiɗa tabarma.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, da sauran ranaku in an dawo daga gona da sauran rana, tsakar gidan Yaya cika yake yi. Amma kallon kansa rabin abin ne, gardamar da ke biyo baya ita ce naman. Tsofaffi sun fi son na Koriya, wai su mutane ne masu tarbiyya, yaro ba ya miƙa wa babba ruwa da hannu ɗaya, kuma suna rusunawa. Matasa su ce ina tarbiyya ga mutanen da ke zuba wa sarkinsu guba a shayi? Na Indiya kuwa mata ke kare su, maza su ce an cika kuka, kuma don me za a nuna fuskar mace guda sau uku ana buga tsawa alhali ba hadari? Saje yakan zauna gefe ya ba talabijin rabin baya, wai shi ba ya kallon shirme. Amma da an zo wurin yaƙi sai ka ji shi, "Kai! Haka ake riƙe takobi? Wanga a bariki ko shara ba za a ba shi ba."

Na tuna wata gardama da ta ci kusan wata guda. A wani fim ɗin Koriya, wani saurayi ya shekara da shekaru yana yi wa uban budurwarsa bauta, daga ƙarshe aka ba wa ɗan wani hakimi ita. Mazan ƙauyenmu suka ce ai wannan golmo ya yi, wato noman da saurayi ke yi wa surukansa shekaru kafin a ba shi mata, kuma wanda ya gama golmo ba a hana shi aure, ko a wace ƙasa ce. Mata suka ce shi ya so, wa ya ga an yi alkawari a gaban manya? Har wani tsoho ya yi fushi ya daina zuwa, yana cewa ba zai zauna ya kalli zalunci ba. Yaya ce ta bi shi har gida ta lallashe shi.

Sai baburan suka fara. Da farko labari muke ji daga nesa, an kore shanu a wuri kaza, an tare hanya a wuri kaza. Sannu a hankali labarin ya matso, ya zama sunayen mutanen da muka sani. Kowa ya gane cewa mutanen dajin nan ba sa sallama, abin da kawai ke riga su isowa shi ne ƙarar baburansu, kuma wanda ya ji ta da wuri shi ke kaiwa ga dutse. Dattawa suka kira Yaya suka ce ta kashe janaretan nan, domin yana toshe wa rabin gari kunne. Gaskiya suka faɗa, ita ma ta sani. Amma ta ce musu in aka hana mutane wannan ɗan abin da ke sa su dariya, to an gama da su tun kafin a zo. Ta roƙi a ba ta dama ta yi dabara.

Dabarar ita ce abin da muka riƙa kira zaman kunne. Duk ranar da za a yi kallo, mutum ɗaya zai haƙura. Zai tafi kan wani falalen dutse da ke bayan gari, inda ƙarar janareta ba ta kaiwa, ya fuskanci hanyar daji ya zauna da tsohuwar garma da guntun ƙarfe. Ba abin da zai yi sai saurare. In ya ji abin da bai gane ba, ya buga. Bi da bi ake yi, ba babba ba yaro, ita kanta mai talabijin ɗin in layi ya zo kanta tashi take ta bar mutane a gidanta.

Yaya ta san halin mutanenta. Ta san ba wanda zai yarda a yi kallo babu shi sai in an biya shi da wani abu. Saboda haka ta kafa doka: da an kashe janareta, mai kunne zai sauko, a ɗora shi kan kujerar Saje, a ba shi kunu, sannan duk wanda ya yi kallo ya ba shi labari. Shi kuma, tunda bai gani ba, ba shi da ɓangare, shi ne alƙalin gardamar ranar. Abin da ya yanke ya zauna. Kun ji yadda zaman da kowa zai gudu ya koma abin da har ake ɗan marmari.

Wata Lahadi na kai ziyara, na baje ina jiran a kunna, sai Yaya ta miƙo mini garma. Na ce, "Haba Yaya, ni fa baƙuwa ce, daga Zuru na taho." Ta ce, "Mutanen Zuru ba su da kunne? Tashi." Na hau dutsen ina gunaguni. Jama'a, ban taɓa sanin daji yana da surutu haka ba. Ganyen dawa ya motsa, gabana ya faɗi. Kuda ya wuce, na ce babur ne. Na zauna riƙe da ƙarfen nan, ina tunanin cewa duk mutanen da ke can suna dariya sun ajiye rayukansu a kunnena ne suka juya baya. Da na sauko aka ba ni labari kala uku. Wata ta ce matar attajirin ce ta tura yarinyar daga bene, wata ta rantse zamewa ta yi, wani ya ce ai ba ita ba ce ma, abokiyar tagwaicinta ce. Na yanke hukunci cewa dukkansu barci suka yi.

Sau ɗaya garmar ta yi ƙara da gaske. Ranar layin Dije ne, wata Bafulatana mai tallar nono da ta saba ajiye ƙwaryarta ta zauna kallo tare da mu. Ana tsakiyar wurin da ɗan sarkin da ya ɓace tun yana jariri zai haɗu da uwarsa, sai ƙarfe ya ɗauka. Yaya ta kashe janareta, a cikin shirun nan kowa ya ji su, can ƙasa-ƙasa kamar gungun ƙudan zuma. Aka suri yara, aka kutsa cikin dawa, aka hau dutse. Sun kore shanun bakin gari, sun ƙone rumbuna a unguwar da ke gaba da mu, amma a cikin waɗanda suka zo kallo ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Rifkatu ta gaya mini cewa suna kwance a bayan duwatsu, sai wata tsohuwa ta matso ta raɗa wa Yaya, "Saratu, shin ya gane uwar tasa kuwa?" Yaya ta toshe baki, hawaye na zuba, ba ta san ko kuka take ko dariya ba.

Wannan duk tarihi ne yanzu. Saje ya biyo ɗansa Zuru, kunnensa ya yi nauyi. Dije da mutanenta sun tashi, domin an kai lokacin da na daji ke zarginsu, na gari ma ke zarginsu, kuma ban san inda take ba. Janaretan ya mutu ba a gyara ba, don ba a bukatarsa. Kowa ya sami waya, ga sola ta caji, a kasuwa a cika maka memori da fim ɗin da zai kai ka girbi. Kallo bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Gardama ma tana nan, sai dai ta koma cikin waya. Rifkatu tana wani zauren hira na waya da mutanen da ba ta taɓa gani ba, suna ta cacar baki kan wane jarumi ya fi kyau, ko fassarar wa ta fi daɗi, suna tsine wa duk wanda ya riga ya faɗi ƙarshen labari. Maƙwabciyarta kuwa ba ta san ma wane fim take kallo ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga wannan. Ba zan yi mata ƙarya ba don ta mutu: da ita za ta fara sayen wayar, kuma da ta addabi mutanen zauren nan har sun cire ta. Ba ta taɓa ganin laifin fim ba, kuma ni ma ban gani ba. Mutumin da ke kwana da fargaba yana da haƙƙin ya ga wata ƙasa inda matsalar mutane ita ce wa zai auri wa. Amma na tabbata kafin ta zauna sai ta waiga ta ce, "Yau wa ke dutse?" Lokacin da janareta ke ruri, kowa ya san kunnensa a toshe yake, shi ya sa aka tura wani. Yanzu gari tsit, sai mutane suka ɗauka suna ji. Alhali kowa ya cusa abin sauraron nan da yara ke kira iyafis a kunnuwansa biyu, don kada ya dami na kusa da shi.

A Zuru muna ganin masu shigowa daga wajen Wasagu da Ribah, kaya a ka, yara a baya, ba sa son a tambaye su komai. Ƙauyenmu kuwa an ɗan jima ba a taɓa shi ba. Mutanen can suna kiran wannan sauƙi. Ni tsoro yake ba ni, domin dawa ta yi tsawo, ta rufe hanya, kuma rumbuna sun kusa cika.

In na auna abin da ya rage na Yaya, sai in ga an riƙe rabi an yar da rabi. Son labari ya zauna, jikokinta ma sun iya kwaikwayon gaisuwar Koriya. Bakinta yana nan a bakin Rifkatu, wadda ba a cin ta gardama. Amma haƙurin nan na mutum ɗaya ya rasa daɗi don sauran su tsira, shi ne ya bi ta kabari, kuma shi ne ainihin ita.

Makon jiya muka je addu'ar tunawa da ita, ni da ƙannenmu biyu. Kowa da ɗan kabu-kabunsa, babura uku muka shiga garin da la'asar, ta hanyar dajin, muna tayar da kaji. Muka tsaya a ƙofar gidan Yaya. Rifkatu na zaune a gindin mangwaro da mata huɗu, kowace ta sunkuya a kan wayarta, yara sun taru a kan wata. Na sauka, na ce wa mai babur ya jira, na tako har na tsaya a bayanta. Ba wanda ya ɗago kai. Sai da na dafa kafaɗarta ta zabura, ta cire na kunne ɗaya, ta rungume ni tana murna.

Bayan addu'a na ja ta gefe. Na ce ko dai a dawo da zaman kunne, ko ta ba ni yaran in tafi da su Zuru har a gama girbi. Na roƙe ta da sunan uwarta. Ta ce ba wanda zai yarda ya hau dutse yanzu, tunda ba mai ba shi labari in ya sauko. Yara kuma ba ta iya rabuwa da su ga aiki ya taso. Ta riƙe hannuna, ta dube ni da idanun nan irin na Yaya.

"Inna, ki kwantar da hankalinki," ta ce. "Ai in sun taho za mu ji."

Ta raka ni bakin hanya, ta ɗaga mini hannu. Kafin babur ɗinmu ya sha kwana na waiga, ta riga ta mayar da abin a kunnenta.