Kafur ɗin da na cuci kaina da shi

Shekarun da soja suka karɓi mulki, sukari ya koma sai da kati, ina tallar kafur a tire a kasuwar Suk al-Shabi. Kafur na gaske ya yi tsada, sai na riƙa dunƙula alli ina cuɗawa a ciki. Kwana biyu a gwangwani ɗaya, alli ya ɗau ƙamshi, ni kaina ba na rabe su. Ban yi boko ba, allo ma a Tabbat na tsaya, amma wannan ilimin na iya shi.

A gidana na unguwar Kalakla akwai sakala, bargon gashin tumaki da mahaifina ya yafo daga ƙasar Hausa a ƙafa. Aikin auduga a gonakin Jazira ya cinye shi bai faɗa mini garinsu ba, ni kuma ban tambaya ba. Na kulle sakalar a akwatin ƙarfe, na watsa kafur daga tirena.

Wani ɗalibi ɗan Nijar yakan tsaya wurina jiran mota. Shi ya ba ni labarin wani dodon koɗi mai zama a kan bishiya a wani tsibiri, wai irinsa ya ƙare a duniya ƙaf. Haihuwarsa kaɗan ce, kuma bai san ko'ina ba sai bishiyarsa.

Na ce, "Malam, asu fa mai cin tufa?"

Ya ce, "Baba, wannan ko an tashi duniya yana cikin akwati."

Na ce ashe ni ne asu, duk inda aka jefa ni sai na ci. Ya yi dariya. Da na ambaci sakalar, ya ce kowane yanki da zanen saƙarsa, in ya gani zai iya gane inda tsohona ya fito.

Ran Juma'a ya zo har gida. Na buɗe akwatin, asu suka tashi mana a fuska. Sakalar ta zama gari da zare, ƙwallayen allina suna kwance a kai, farare tas, ko ɗaya bai narke ba.

Ya daɗe yana juya wani ƙyalle da bai kai tafin hannu ba.

"Baba, babu zanen."

Na ce ya zauna a kawo shayi. Jikokina suka leƙo suna tambaya da Larabci mene ne wannan. Na ce musu tsumma ne.