Ruwan da Hajiya Dije ta ƙi sha

Ranar da ban taɓa mantawa da ita ba a ɗakin gyaran bayan nan ita ce ranar da Hajiya Dije ta mayar mini da moɗar ruwa a cike. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, na ji kuna cewa tsohuwar nan ta cika tsare mutane da tambaya a bakin ƙofa. To ku zauna ku ji inda abin ya samo asali.

A bazarar da aka rufe ramin ma'adinin Akokan ne. Lokacin mu biyu ne kawai a wurin, ni da Likita Idi, wanda ya yi karatun gyaran ƙashin baya da hannu a ƙasar waje. Ni ban shiga lakwal ba, ban yi boko ba. Aikina shara, da sauya zanen gado, da ba mutane ruwa, da shigar da su bi da bi. In mace ce za a duba, ina tsaye a ɗakin har a gama. Yawancin masu zuwa direbobin manyan kamiyo ne na ma'adini, waɗanda zama da jijjiga suka cinye wa ƙugu.

Tun farkon zuwana Likita ya yi mini bayanin jijiya yadda zan gane. Ya ce, "Iya, wutar da ke ɗakin nan daga ina take zuwa?" Na ce daga tashar wuta ta Anu Araren. Ya ce to, in waya ta matse a hanya, fitila za ta mutu a Arlit alhali ƙwan lafiyarsa lau. Haka jiki yake. Saƙo na fitowa daga ƙwaƙwalwa, ya bi laka cikin ƙashin baya, ya rarrabu ta tsakanin gaɓoɓi zuwa hannu da ƙafa da ciki. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani abu kamar ɗan matashi. In ya gurɗe ya danne jijiya, sai mutum ya ji zogi a ɗan yatsan ƙafa, alhali ciwon a ƙugu yake. Ya ce yawancin ciwon baya hannu da motsa jiki na sauƙaƙa shi. Amma jijiyoyin can ƙasa su ne ke riƙe da fitsari da bayan gida da jin taɓi a mazaunai. In matsi ya kai gare su, ba a sa hannu ko kaɗan. Na masu tiyata ne, kuma da gaggawa, don jijiyar da ta daɗe a danne ba lalle ta farfaɗo ba.

Tsarin aikinmu a lokacin shi ne, a fara da tambayoyi ɗan rakiya na zaune, saboda wasu Tamajak ko Fillanci kaɗai suke ji, wasu kuma kafin su kai gida sun manta abin da aka ce musu. Sannan ɗan rakiya ya fita, a gwada gwiwa da 'yar gudumar roba, a gwada ƙarfin yatsu. Sai an gama wannan duka ake sa hannu.

Hajiya Dije mutuniyar Tawa ce, mai sayar da tuwo a inda motocin ma'adini ke sauke ma'aikata. Ta ɗaga tukunya ne bayanta ya riƙe. Da hantsi wani matashin magidanci mai suna Sule ya kawo ta, yana tallafe da ita. Rana ta riga ta yi zafin da ba ka iya dafa ƙyauren ƙarfe. Na miƙa mata moɗa, ta ce ta gode. Leɓenta duk ya bushe ya tsage. Na ce ko azumi take? Ta ce a'a. Na ajiye moɗar kusa da ita, ina kallo. A garin nan, a watan nan, mai lafiya ma ba ya ƙin ruwa.

Da suka shiga, Sule ya zauna a kan benci, kansa a ƙasa. Inna yake ce mata. Ita kuwa ba ta kallonsa, ba ta kama sunansa, sai na ɗauka ɗan fari ne.

Likita ya ce, "Hajiya, ciwon na sauka ƙafa?"

Ta ce, "Shina sauka, duka biyu."

"Fitsari fa? Yana fita daidai? Kina iya riƙe shi?"

"Lahiya lau, ɗana."

"Babu inda ya mutu, wajen zama?"

"Babu komi. Baya ɗai na."

Sule ya ce, "Likita, don Allah a ɗan ƙwanƙwasa mata kamar yadda ka yi wa abokan aikina. Gobe ma sai ta miƙe."

Likita ya ce ya jira a waje. Sule ya fita, amma ya tsaya jikin labule, ana hango takalminsa. Likita ya ce ta ɗaga babban yatsan ƙafa. Na dama ya ɗan motsa, na hagu ko alama. Ya buga bayan dunduniya, shiru. Sai ya wanke hannunsa, ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Iya, abin da ƙafar ke nunawa bai yi daidai da abin da ta faɗa ba. Ba zan taɓa ta a haka ba."

Na ce, "Ruwa ma ta ƙi sha."

Ya dube ni, ya dubi labulen, ya ce zai je ya duba wani abu a ɗaya ɗakin.

Na ɗaga labule na ce wa Sule, "Kai, me kake gare ta?"

Ya ce, "Uwar iyalina ce. Matata na jego, shi ya sa na kawo ta."

Na ce, "Suruki ne kai, ka kafe a nan kamar mai gadin banki? Tafi gindin bishiyar can, kada ka dawo sai na kira ka."

Ya tafi da sauri har yana tuntuɓe. Yaron kirki ne, shi ma kunyar ce ta hana shi sanin inda zai sa kansa.

Na rufe ƙofa, na zauna a bakin gadon. Ban lallashe ta ba, ban iya ba. Na ce, "Hajiya, ni da ke duk mun haifa, mun yi wankan jego. Me ya hana ki shan ruwa?"

Ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Tun shekaranjiya ban sanin lokacin da shika zubowa. Tsumma ni ka sawa. In na sha, a bisa babur ɗin yaron ga za ni jin kunya." Ta ce ko da ta yi tsarki ba ta jin ruwan a jikinta. Sai ta kama hannuna. "Kada shi ji."

Na ce, "Shi ba zai ji ba. Likita kuwa dole ya ji, yanzun nan."

Da na gaya wa Likita, bai tsaya wata magana ba. Ya kira majo, shugaban masu jinya na babban asibiti, a waya, aka sa mata robar fitsari, kafin la'asar motar asibiti ta kama hanyar Agadas da ita, daga can aka wuce Yamai aka yi mata aiki. Sule ya tare ni a ƙofa yana cewa, "Iya, me ya yi zafi haka? Ba baya ba ne kawai?" Na ce, "Jijiya ce ta danne. Je ka haɗo mata kaya." Har yau iyakar abin da ya sani ke nan.

Washegari Likita ya sauya tsarin da kansa. Ya ce daga yau tambayoyin nan na fitsari da wajen zama ba a yin su gaban ɗan rakiya, ko wane ne. Ni kuma ya ɗora mini tambayar bakin ƙofa, in ji me ɗan rakiya yake ga mai ciwo.

Sai da sanyi ya shigo Hajiya Dije ta dawo, don motsa jikin da masu tiyata suka ce a riƙa yi mata. Tana dogara sanda, ƙafar hagu na ɗan ja, kuma har gobe tana ja. Wannan jijiyar ba ta dawo duka ba. Na miƙa mata moɗa. Ta kafa kai ta shanye, ta miƙo ta ce, "Ƙaro."

Abin da na koya ke nan. Hannun Likita na da amfani, amma rabin aikin nan sanin bayan da ba a taɓawa ne, kuma ba a saninsa sai mai ciwo ya faɗi gaskiya. Mutanenmu kuwa sun gwammace su rasa ƙafa da su ambaci fitsari gaban suruki. Ba za ku hana su kunya ba, kada ma ku gwada. Ku fitar musu da wanda suke jin kunyar, ku rufe ƙofa. Kuma duk wanda kuka miƙa wa ruwa, ku tsaya ku ga ko ya sha.