Gudummawata a Gilashin Motar Lawali

Ba yunwa ce ta kai ni gidan kaso ba, kuma a danginmu ba a san ɓarawo ba kafin ni. Ɗan Damagaram ne ni. Na shigo Faransa ina saurayi, na sauka a hannun Alhaji Isuhu, aminin mahaifina, wanda yake fataucin atamfa da turare a Paris. A gidansa na La Courneuve na fara zama, ɗaki ɗaya da ɗansa Lawali, wanda na girme shi da kaɗan. Baba nake ce wa Alhaji, shi kuma ba ya kirana da komai sai "ɗana". Da na samu aikin jera kaya a kanti sai na koma fuwaye a Montreuil, wato gidan hayar ma'aikata baƙi, amma duk Juma'a tuwona yana gidan Alhaji.

Mota ce ta fara ɓata ni. Na sha wuya na ci jarrabawar tuƙi, na sayi wata akwala wadda sai an lallashe ta take tashi. Daga nan na tafi neman inshora, wadda mu nan muke ce wa asirans, don a ƙasar nan mota ba ta hawa titi sai da ita. Matar ofishin ta dubi shekaruna, ta dubi sabon lasisina, ta tambayi unguwar da motar za ta riƙa kwana, sannan ta faɗi kuɗin shekara. Ya fi abin da na sayi motar. Na ce mata ko kaza ban taɓa bugewa ba. Ta ce ai shi ya sa, ban yi komai ba tukuna, ba su san hannuna ba. Duk ofishin da na shiga maganar ke nan. Motar ta yi ta zama a gindin bishiya, tattabaru suna yi mata ado, ni kuwa ina wuce ta da ƙafa zuwa tashar jirgin ƙasa raina a ɓace.

Wani mai gyaran waya ne ya nuna mini hanya. A lokacin, shaidar inshora wani ɗan koren tikiti ne da ake mannawa a gilashin gaba, da takarda da ake ajiyewa a cikin mota. Ya buga mini duka biyun, ko mai kamfanin sai ya sa tabarau kafin ya gane na jabu ne. Da farko idan na hango 'yan sanda sai in sauya hanya don tsoro. Da na ga ba wanda ya tsayar da ni, tsoron ya tafi, kwaɗayi ya zauna a wurinsa.

Samarin fuwaye da masu kai saƙo duk ciwonmu ɗaya. Na ce musu ina da wani dillali mai yi wa namu rangwame. Ba wanda ya bincika, don a wurinmu bincikar ɗan gari zagi ne. Na koyi buga takardun da kaina, na bar aikin kanti, na zama mai hanya. Idan na shiga majalisar shayi, ni ake fara miƙa wa kofi. Amma gaskiya ban taɓa zama ni kaɗai irin na wannan lokacin ba. Ina cikin mutane ana raha, ni ina kallon fuskokinsu ina tunanin wane ne zai fara yin haɗari.

Sai Lawali ya samu lasisi, Alhaji ya saya masa ƙaramar motar ɗaukar kaya don ya riƙa kai wa abokan ciniki atamfa a Lyon. Al'adarmu ce idan an yi sabuwar mota a kawo ta bayan sallar Juma'a, dattawa su dafa ta su yi addu'a, a raba dabino, kowa ya yi gudummawa. Wani ya ce shi zai cika tanki, wani ya kawo rigar kujeru. Sai Alhaji ya dafa kafaɗata a gaban jama'a ya ce, "Asirans kau ba mu da damuwa, ga yayanshi nan, aikinshi ne."

Nan ne ya kamata in ja shi gefe. Amma in ce masa me? In ce duk waɗannan samarin da suke tsaye a nan takardar banza na sayar musu? Alhaji ya sa hannu a aljihu zai ba ni kuɗin, na riƙe hannun na ce, "Haba Baba, ai wannan gudummawata ce." Dattawa suka yi ta sa mini albarka. Na yi wa kaina alkawarin zan je in yi wa Lawali ta gaske a ɓoye, in musanya ba tare da kowa ya sani ba. Na je ɗin, na ji kuɗin sabon direba da motar kasuwanci, na ce sai wata mai zuwa. Da hannuna na manna masa koren tikitin, har ina gogewa da gefen rigata don ya kwanta sosai.

Wata safiya ana ruwa, a Vaulx-en-Velin da ke gefen Lyon, Lawali ya buge wata mata a kan keke tana tafiya wurin aiki. Yaron kirki ne, bai gudu ba. Ya kira masu agaji, ya miƙa wa 'yan sanda takardarsa hankali kwance. Can sai ga wayarsa: "Yaya, wai sun ce lambar asirans ɗin nan babu ta. C'est pas possible, ba zai yiwu ba. Kira mutumen naka mana." Na ce masa, "Ina zuwa." Na kashe wayar.

Bai faɗi sunana ba sai da Alhaji ya umarce shi. Aka kama ni a fuwaye, mutanen da suke miƙa mini shayi suna leƙowa ta taga. A kotu na ga matar sau ɗaya, da sanda a hammata. Ta rayu, amma ƙugunta ba zai koma yadda yake ba. A nan na san abin da ban taɓa tambaya ba: idan mota marar inshora ta raunata mutum, wani asusu ne yake biyan wanda aka raunata, sannan ya juyo kan direban ya bi shi bashin. Ni aka yanke mini zaman da yake da ranar ƙarewa. Lawali kuwa duk wata za a riƙa yankar albashinsa, ƙila har ya yi furfura.

A wani gidan kaso kusa da Lyon na yi zamana. Ba wanda ya taɓa zuwa, kuma ban ga laifin kowa ba. Ranar ziyara ina jin ana kiran sunaye a baranda har a gama. Sallah ta same ni da wani Bature ɗan ɗakinmu wanda bai san ma ana wani abu ba. Ranar Juma'a ta fi kowace rana tsawo, don na san daidai lokacin da ake sauke tuwo a La Courneuve.

Da aka sake ni na hau jirgi zuwa Paris, na durƙusa a gaban Alhaji. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi, ya tambayi mutanen gida, bai tsallake ko ɗaya ba. Sai dai "Malam" ya yi ta ce mini. Na roƙi gafara ina kuka. Ya ce, "Da ka ja ni gefe rannan ka ce ba ka iyawa, da na saida atamfa na biya. Nawa na yafe. Na Lawali da na matar nan ba hannuna yake ba." Takalman Lawali suna bakin ƙofa, amma bai fito ba. An kawo mini ruwa, ba a ce in tsaya cin abinci ba.

Yanzu a Vaulx-en-Velin nake, ina wanke kwanuka a wani gidan abinci. Abin da na iya ragewa ina tura wa Lawali, ba ya aiko mini cewa ya gani, ba ya kuma mayarwa. Na tuba ga Allah, ina fatan Ya karɓa.

Ku samari, na san kuɗin nan ya yi yawa, ni ma har yau ina ganin da zalunci a ciki. An daina manna koren tikiti, amma masu irin sana'ata suna nan a cikin wayoyinku da araharsu. Kafin ku biya kowa, ko ɗan ɗakinku ne, ku kira kamfanin da kanku ku ji ko ya san ku. Idan ba ku da hali, ku bar motar ta zauna, tattabaru ba sa kai kowa kotu. Kuma idan babba ya ɗora muku abin da ba ku iyawa, ku ja shi gefe ku faɗa masa tun ana tsaye a wurin.

Ni dai har yau idan na fito masallaci ranar Juma'a, nakan ɗan tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran wani ya ce, "Ɗana, zo mu tafi gida." Sai kowa ya watse, sannan in je in hau bas.