Na Shafe Tulunan 'Yata da Ƙaro

A lokacin ni matar gida ce a Gadarif, maigidana yana aikin riɗi a Simsim, karatuna kuwa bai wuce na yaƙi da jahilci ba. Amma a sanin tukwane ban yarda wata ta fi ni ba.

'Yata ta fari tana shekarar ƙarshe a jami'a. Ta zo hutu da 'yan tuluna shida da ta sa aka gina mata, an kwaɓa yumɓun da ƙaiƙayin dawa kafin a gasa. Ta ce akwai na'ura a ɗakin bincikensu, irin mai ɗaukar hoton cikin mutum a asibiti, wadda za ta nuna yadda ruwa ke ratsa yumɓun. Rana guda tak aka ware mata ta yi aiki da na'urar, bayan dogon jira. Na ce Allah ya taimaka. Gaskiya rabin maganar ne ya shige ni, kunya kuma ta hana ni tambaya.

Ranar da ta tafi Showak gaida kakarta, na zuba ruwa a ɗaya don in gwada. Kafin in juya ya jiƙa tabarma. Raina ya ɓaci, na ce maginin nan ya cuci yarinya don ya ga 'yar boko ce. Na jiƙa ƙaro, na shafe duka shidan ciki da waje, na turara su, na jera a inuwa ina jiran godiya.

Da ta dawo ta shinshina ɗaya, sai ta zauna a ƙasa. A hankali ta ce min yoyon nan shi ne karatun. Da gangan aka bar ƙaiƙayin ya ƙone ya bar ƙananan ƙofofi, ta nan ruwan tafki zai bi ya tace. Na ce to a wanke mana. Ta ce ƙaron ya riga ya shiga inda hannu ba ya kaiwa. Ranar da aka ba ta ta na'urar ta wuce, abokan karatunta suka gama, ita sai da ta ƙara zango guda.

Har yau abin yana ba ni haushi. Wa ya taɓa jin an yabi tulu don yana yoyo? Kuma da ta rubuta a jiki kada a taɓa, ai wannan kam na iya karantawa! Sai dai na sani, bakina na rufe inda ya kamata in buɗe. 'Yan uwana mata, in yaranku suka kawo abin makaranta gida, ku yi tambaya ko da za su yi muku dariya, kada ku gyara. Tulunan suna nan a rumfata. Ko ɗigo ba sa zubarwa.