Daminar da Akwatin Hoton Baba Ya Yi Funfuna

Wata safiyar Talata ce a watan Agusta, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Baba ya rafka salatin da ya sa kajin gidanmu da ke garin Isa suka watse. Ina tsugune a bakin murhu ina fama da jiƙaƙƙen icce, hayaƙi ya cika min ido, sai na yar da maficin na ruga ɗakinsa. Na same shi durƙushe gaban akwatin hotonsa, ya riƙe kai da hannu biyu. Akwatin na katako ne mai ƙafa uku, irin wanda mai hoto ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle kafin ya ɗauka. Tsakanin gilashin gaba da bayan akwatin akwai wata baƙar fata mai ninki-ninki da muke ce wa zugazugi, don tana miƙewa tana tsukewa kamar na maƙera. Wannan fatar ce ta yi fari fat da funfuna, wani wurin har da kore, kamar tuwon da aka manta a kwano. Warin kuwa, ba a magana.

Baba shi ne mai hoton garinmu, kuma a sanina babu wani sai shi. Da rani yakan kafa akwatin a bakin kasuwa, ya rataya labule mai zanen jirgin sama, mutane su zo daga Burkusuma da ƙauyukan kan iyaka su tsaya ƙiƙam kamar an ce kada su yi numfashi. Da ruwa ya sauka sai ya ajiye sana'a ya koma gonarmu ta wajen Kurawa. Mu yara mu kai fura, mu yi cirar ciyawa ta ƙarya, mu ɓuya cikin gero muna cin gauta, in an dawo gida a dasa carafke a ƙofar zaure har a kira magariba. Duk daminar babu mai tuna akwati.

Innarmu ce ta tuna da shi, kuma wallahi don ƙauna ta yi. Soron ɗakin Baba ya fara yoyo, sai ta ji tausayin akwatin. Ta yi masa abin da kowace mace a garinmu ke yi wa fata: ta lafta wa zugazugin man shanu, yadda take yi wa guga da takalman Baba, ta ɗaure shi tam cikin ledar buhun taki, ta kai shi lungun randa inda ya fi sanyi. Maiƙo da laima da rashin iska suka haɗu, funfuna ta samu gida. Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana murza hannu tana cewa, "Malam, ni dai gyara na yi nufi." Baba ya ci gaba da jujjuya akwatin yana duba ɓarnar.

Abin da ya tada hankalinsa ba kasuwa ba ne, Kaka ce. Mahaifiyar Baba ta ƙi hoto duk rayuwarta. Akwatin aljanu take ce masa, in ta ga an kafa shi sai ta ja mayafi ta canza hanya. To tana da babbar 'ya, Goggo Hajo, wadda ta tafi Makka tun kafin a haife ni, ta zauna can. A wannan daminar wani Alhaji Garba, ɗan garinmu da ke zaune can shi ma, ya zo ganin gida da saƙon baki: Goggo ta ce ba ta son komai a duniya sai ta sake ganin fuskar uwarta. Kaka ta yi kwana da kwanaki tana gunaguni, sannan ta yarda. Alhaji zai juya bayan Juma'a, Kaka ga tsufa ga tarin da ya ƙi barinta, gulbi kuma ya cika ya tare hanya, balle a ce a je Maraɗi neman wata fata. Idan funfuna ta huda zugazugin, haske zai shiga ya ƙone hoton, shi ke nan Goggo ba za ta ga komai ba.

Baba ya rikice. Ya ɗebo ruwa a daro, ya ɗauko sabulu da soso, ya ce zai wanke ya shanya a tsakar gida tunda rana ta leƙo. Sai muka ji sandar Kaka ta bugi ƙasa. "Kai, Auta! Mi za ka yi? Hwata ta sha ruwa ta sha rana, ai sai ta tsage kamar ƙasar fadama. Aje sosonga!" Mun manta, ko kuma mu yara ba mu taɓa sani ba, cewa Kaka 'yar dukawa ce, a cikin fata ta girma. Baba ya ce wa uwarsa, "Inna, ai ke kin ce na aljanu ne." Ta harare shi ta ce, "Aljanun ma ba su son wauta. Kawo shi zaure."

A zaure aka yi aikin, inda babu rana amma iska na ratsawa. Kaka ta sa na kamo baƙar kazarmu, ta fige mata gashin fiffike, kaza na ihu ni ina ihu don ta yage ni a hannu. Ta miƙe zugazugin a hankali, ta bi ninkin ɗaya bayan ɗaya da gashin tana kaɗe funfunar a bushe, ta juya baya ga iska don ƙurar ta fita waje. Ni da nake tsammanin aikin minti kaɗan ne, har aka yi azahar tana kai. Baba ya karɓo sifirit a kemis ya sirka da ruwa, Kaka ta sa tsohon ɗankwali mai laushi ta ɗan taɓa, ta matse har sai da ya kusa bushewa, sannan ta goge maiƙon Inna. Duk wanda ya miƙo hannu sai ta buge shi. Aka bar akwatin a buɗe a inuwa yana shan iska, aka sa ni gadin awaki kada su lasa.

Ranar Alhamis da hantsi aka yi gwaji. Baba ya toshe tagar ɗaki da bargo, ya kunna tocila cikin zugazugin, aka ce ni mai sabon ido in duba. Na bi ninkin nan, sai ga wani ɗan haske a kusurwa, bai kai ƙwayar gero ba. Na ce ga shi, kamar in yi kuka. Kaka ko a jikinta. Ta yanko 'yar fatar akuya siririya, ta shafa ƙaro ta liƙe ta ciki, ta bi da baƙar tawadar allo. Da ya bushe aka sake kunna tocila, na duba har idona ya yi ruwa, duhu ƙirin. Baba ya zauna daɓas a ƙasa yana hamdala, Inna kuwa ta shige madafa ta fashe da kukan da ta riƙe tun Talata.

Da safiyar Juma'a Kaka ta zauna gaban labulen jirgin sama, ta ɗaure fuska tamau, Baba ya shiga baƙin ƙyallensa. Hoton ya fito tas, ya wanke biyu. Sai bayan Alhaji ya tafi da ɗaya muka lura a hoton da ya rage da gashin kazar nan soke a ɗankwalinta, inda take maƙale shi in hannunta ya gaji. Daga ranar ta kafa doka: babu mai, babu leda, babu kusa da randa. Aka ɗinka wa akwatin jakar sawaye, wato saƙin auduga, aka sa gawayi a ciki don ya tsotse laima, aka rataye shi a sama, duk Juma'ar damina a buɗe shi a zaure ya sha iska.

Kaka ba ta ga wata daminar ba. Akwatin yana wurina yanzu a Sakkwato, kuma 'ya'yana da ke ɗaukar hoto da waya su goge kafin ka ƙifta ido suna yi min dariya in sun ga na baje shi a inuwa ina bin ninkinsa da gashin kaza. Gonar Kurawa ma na jima ban taka ta ba. Amma nakan tuna saƙon da Goggo ta aiko da shi daga baya, ta ce ta rungume hoton ta yi kuka har ta gode Allah, kuma tana ganin gashin nan ta san uwarta na nan da halinta, aiki aka katse mata aka zaunar da ita. Fuskar Kaka ke nan guda ɗaya da ta rage mana a duniya, kuma da hannunta ta cece ta.